Gardama Kan Abu

Kuran ya yanke tun la'asar a unguwar Zariya.
Mu huɗu muka jawo benci ƙarƙashin bedi,
na'urori a rufe, bakuna a buɗe.

Rabe ya ce abu ba ya cika abu sai da aji.
A Java aka yaye shi, can ya yi wayo:
kowa da ubansa, kowa da gadonsa,
ƙofa da kwaɗo, mabuɗi a aljihu.
Wanda bai san kakansa ba, in ji shi,
kada ya tsoma mana baki.

Tsahara ta yi dariya har shayi ya zube mata a zane.
To ina bakwai take a gidan naku?
Kun bar lambobi a waje kamar awakin maƙwabta.
A Smalltalk bakwai ma mai gida ce,
ka aika mata da uku, ta maido maka da goma.
Aike shi ne asali. Gado kwalliya ne.

Nomau bai ɗaga kai daga gyaɗarsa ba.
Shekara tara yana rubutu da C,
ya ce duk abin nan da hannu yake gina shi,
kamar mai rumbu da bai taɓa sayen siminti ba,
kuma hatsinsa bai jiƙe ba.

Sai aka taso min, ni ɗan Python.
Wai ɗakinmu ba ƙyaure,
labule ne kurum, ɗan layi a gaban suna.
Na ce kunya ma ai tsaro ce.
Rabe ya ce kunya ba ta hana ɓera.

Aka ja JavaScript, telan bakin kasuwa
da ba ya ajiye awo:
kawo tsohuwar riga, ya yanka sabuwa a kanta.
Aka ja Go, kamashon tashar Ɗan Isa,
ba ya tambayar ɗan wane ne kai.
Ka iya ɗaukar buhu? Hau.

Yunwa ce ta raba gardamar.
Muka aiki yaro gidan Iya Tasalla
da dala arba'in da kalma ɗaya: fura.
Ba mu san inda take ɓoye geronta ba,
ko wa ya daka, ko sau nawa ta tankaɗe.
Ƙwarya ta fito ta kan katanga.
Da gidan Indo aka kai kalmar nan
da ta dawo da yaji ya fi haka,
amma da ta dawo fura.

Tsahara ta nuna ƙwaryar da ludayi, ba ta ce komai ba.
Rabe ya ce ai Tasalla wajen uwarta ta gada.

Bayan isha'i wuta ta dawo.
Na koma kan lissafin matan da ke matsar man gyaɗa,
jarka goma sha biyu da suka ɓace tun Talata.
Na bi layi layi har ƙarfe ɗaya.
Ba harshen ba ne.
Wani ne ya ɗaga labule ya canza adadi
bai yi sallama ba, bai aiki kowa ba.
Na duba sunan mai hannun.
Nawa ne.

Ban gaya wa Rabe ba tukuna.