Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Ƙarfe biyar na yamma a Des Moines,
na maƙala abin sauraro a kunne,
shayina ya huce a gefen na'ura.
Ni ce muryar da ke katse wa mutane loma.
"Sunana Tasalla, minti bakwai nake roƙo."
Tara cikin goma sun kife waya
tun ban rufe baki ba.

Na goman wani tsoho ne, Merle Vandekamp,
manomin masara, murya kamar tarakta da sanyin safiya.
Ya ce 'yan jam'iyyar jaki duk ɓarayi ne.
Na rubuta: bai gamsu ba sam.
Muka bi haraji, muka bi makaranta, muka bi kwalta,
har muka iso ta goma sha huɗu:
in ka kira motar asibiti, minti nawa kafin ta iso?

Shiru.
Ina jin agogon bangonsa ta cikin waya.
"Hamsin da biyu," ya ce. "Na ƙirga.
Daren da Loretta ta faɗi a kicin."
Takardata ba ta da gurbin Loretta.
Ƙasa da ashirin, ashirin zuwa arba'in, fiye da haka.
Na danna fiye da haka.

Ran Laraba wata malamar firamare, Shawna,
ta rantse giwa ce ta tattake ƙasar nan,
ko sunan jam'iyyar ba ta iya faɗa sai da tsaki.
Ita a bayan a-kori-kura ta haihu,
gefen titi, ƙanƙara na zuba,
mijinta na haska ta da fitilar waya.
Gurbi ɗaya na danna mata da tsohon.
Da sun haɗu a gidan mai, da ko gaisawa ba su yi ba.

Murya dubu da ɗari biyu da shida
aka dafa, aka tace, ta koma shafi guda,
da ƙaramin rubutu a ƙasa:
ana iya kuskure da kashi uku, sama ko ƙasa.

Na raka ogata majalisar jiha, ina riƙe da kwafi.
Dogon tebur, giwa a dama, jaki a hagu,
mutanen da ba sa ga-maciji,
kowa ya zo da amsarsa a aljihu.
Ta haska bango: naku saba'in da takwas,
naku kuma tamanin da ɗaya.
Wani mai jan laktaye ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Wata daga hagu ta ce a sake nuna shafin.
Ba wanda ya rungumi wani.
Suka yi awa biyu kan wa zai biya,
awa ɗaya kan sunan wa zai hau gaba,
suka yanke kuɗin biyu, suka sa hannu a rabin.

Rabin ma motoci ne, masu taya da jiniya.

Na so in kira Merle in ce an ji.
Amma ƙa'idar aiki ce, ana goge lambobi,
na'ura ke zaɓen wanda zan dama.
Yau ta ba ni wani gida a Ottumwa,
tana ta ringin,
ina gyara murya.