Kunnen Hagu

Ƙarfe biyu da kwata na dare waya ta tashe ni:
"Usta Tuncay, lamba bakwai ta tsaya."
Ba sallama, ba ya iyali.
Wanda wuta ta kama gidansa ba ya gaisuwa.

Daga Uşak zuwa Denizli
na tuƙa da kofin shayi tsakanin gwiwoyina,
dusar ƙanƙara kwance a gefen titi
kamar audugar da ta zube daga tirela.
Akwatin kayan aiki a baya yana ta surutu,
sifana na tsokanar guduma a kowane rami.

Masaƙar tawul ce. Inji arba'in na ruri,
ɗaya ya yi gum,
shirunsa kuwa ya cika ɗakin fiye da rurinsu.
Manaja ya tare ni, ido a kan agogo:
odar Jamus, mota na jira, minti ɗaya lira kaza.
Na ce to. Na wuce.

Nermin nake nema,
mai shekara goma sha tara a gaban wannan inji,
wadda ƙurar zare ta yi wa furfurar aro.
Ta ce, "Tun Talata yake tari.
Na faɗa, aka ce in daina camfi."

Na kashe wuta, na datse makunni da kwaɗona,
mukulli a aljihuna, ba a hannun kowa ba.
Maigidana Usta Rıfat ya koya mini haka.
Hannunsa mai yatsu uku ya ɗaga mini,
karatun ya ƙare a nan.

Na kwanta rigingine a kan siminti mai sanyi,
tocila a baki.
Na juya ƙarfen da hannu, na ji tsakuwa a cikinsa.
Boris ne. Giris ya bushe ya koma gawayi.
Abin da bai cika tafin hannu ba
ya zaunar da mutum shida, ya hana manaja barci.
Noti na huɗu ya ƙi,
na lallashe shi da mai, na zage shi a zuci,
ya ɗauki fatar yatsana ladan fitowa.

Ana kiran asalatu na cire kwaɗo.
Injin ya yi miƙa, ya kama.
Aka yi tafi. Ni ban yarda ba tukuna.
Na ɗora bakin sukurdireba a jikinsa,
na kafa ƙotar a ƙashin muƙamuƙina,
na rufe ido.

Da can a kunne nake kafawa.
Shekara ashirin da shida na ruri
sun cinye na hagu kaɗan-kaɗan, kamar gara,
na dama ma ya fara ƙasaita.
Yanzu ƙashi ke ji mini.
Kamfani bai sani ba.
Nermin ta gani, ta kau da kai,
ta tura mini rabin burodinta mai riɗi.

Lafiya lau yake tafiya. Na sa hannu a takarda.

A masauki na wanke baƙin mai har gwiwar hannu,
na goge da farin tawul,
na juya shi ina neman sunan masaƙa,
al'adar da na kasa bari.

Sai waya. Na ɗauka zan ji "ta tsaya".
Ilgın ce, kafin ta tafi makaranta,
tana karanto mini abin da ta haddace.
Muryarta na zuwa kamar daga ƙasan rijiya.
Na ce madalla, ban san me na yaba ba.

Ta yi shiru. Sannan, a hankali:
"Baba, mayar da ni ɗaya kunnen."

Na mayar. Ta soma daga farko.
Konya na jira, injin niƙan alkama yana zafi.
Ya jira.