Alajo, Ƙarfe Ɗaya na Dare

Ni ke riƙe da guruf ɗin layinmu,
mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya,
har da Alhaji Gariba da ya rasu bara.
Na kasa cire lambarsa.

Sanarwar hukumar yanayi ta shigo bayan la'asar,
da Turanci, da taswira ja da ruwan ɗorawa.
Na tura. Mutum shida suka buɗe.
Kafin magariba ta nutse
ƙarƙashin katin suna, da tallan atamfa,
da cigiyar wani rago mai baƙin kunne.

Ban ga laifinsu ba.
Watan jiya wata murya ta zaga wayoyinmu,
ba suna, ba unguwa:
"An buɗe dam, ku gudu!"
Muka kwana a tsaye, tabarmi a ka,
ko yayyafi ba a yi ba.
Da muka dawo, keken ɗinkin Fuseini ya yi ƙafa.
An ce wanda maciji ya sara yana gudun tsumma.
To mu tsumma ne ya kore mu,
yanzu ko macijin muka gani sai mun nemi shaida.

Ɗaya saura, Mma Adiza ta buga min ƙofa.
Wayarta mai tocila ce, ba ta san Fesbuk ba.
Ta ce, "Mumuni, Odo ya sauya murya.
Robobin kwata sun fara tafiya da baya,
ɓeraye na hawa katanga.
Danna abin naka in yi magana."

Na danna.
Daƙiƙa goma sha tara, har da tarinta:
"Ni ce Adiza mai koko.
Ku ɗauki yara ku hau benen makaranta.
Wanda na taɓa yi wa ƙarya,
ya ci gaba da barcinsa."

Sai alamun shuɗi suka soma kamawa,
ɗaya, uku, ashirin,
tagogi ma suka kama bayansu.
Akosuwa mai kanti ta juya shi zuwa Twi,
wani yaro ya juya shi zuwa Dagbani,
ladan ya kara wayarsa a bakin lasifika.

Ƙarfe uku ruwa ya iso.
Bai yi sallama ba, ya tsaya mana a ƙirji.
Ya tafi da firji biyu, da akuyar Zenabu,
da takardun makarantar 'yata.
Da asuba muka ƙirga kawuna a bene.
Muka sake ƙirgawa.
Mun cika.

Da rana na ɗauki bidiyon kwatar da ta toshe,
na ɗora, na jingina sunan majalisar gari.
Wasiƙa bakwai muka kai musu cikin shekara uku,
ko ƙura ba ta tashi ba.
Bidiyo ya kwana biyu, ido dubu arba'in,
sai ga katafila,
ga wani babba da sabon takalmin roba,
ga masu hoto biyu.
Suka kwashe laka, suka tara a bakin kwatar,
suka rubuta a shafinsu: an kammala.

Tulin na nan. Har tumatir ya tsiro a kai.
Duk ruwan da aka yi, yana koma wa inda ya fito,
cokali cokali.

Yanzu in sanarwa ta zo,
sai in kai ta bencin Mma Adiza,
in karanta mata da Hausa, tana dama koko.
Ta dubi taswira, ta dubi Odo,
ta ce, "Wannan karon sun yi gaskiya,"
sannan in danna.

Jiya ɗan Fuseini ya nuna min wata manhaja
mai kwaikwayon muryar kowa.
Ya sa ta yi tata, har da tarin.
Yana dariya.

Ban gaya mata ba.
Hadari kuma yana haɗuwa ta wajen Achimota.