Sawun Ƙanƙara

A bakin ruwan Jamestown, kafin jiragen masunta su juyo,
Baba Gambo kan ja tubalin ƙanƙara da ƙugiya
daga shagon Maame Adjeley zuwa inuwar rumfa.
Tubali ya wuce, yashi ya riƙe zancen:
layi uku, huɗu, a jere, kamar an yi wa ƙasa kitso.
Kafin azahar ta narke a kwandunan kifi.
Sawun yana nan, sai ƙafa ta bi ta kansa.

Yau ga ni a Legon, ɗaki mai sanyin na'ura,
gabana hoton gindin teku
daga can ƙarshen kudu, inda dare ke yin watanni.
Ba ido ne ya ɗauko shi ba.
Jirgi ne ya yi ta kira cikin ruwa,
amsa ta dawo, aka auna jinkirinta.

Kunyoyi ne, miƙaƙƙu sambal,
ɗaya ta kai daga Nima zuwa Tema,
ba garma, ba sa, ba manomi.
Malama ta ce, Zuwaira, karanta.

Na karanta.
Inda suka yi tsawo suka matsu, gudu aka yi,
kogi daskararre yana tafiya da ciki.
Inda tudu ya gitta, nan ta ja birki,
ta sauke laka da tsakuwar da ta goyo.
Wannan karce-karcen barkatai kuwa
gutsattsari ne da suka ɓalle daga baya,
suna yawo kamar akuya ta tsinke igiya
tana jan turkenta.
Mai sawun ta tafi tun ba a kafa gari ba.
Ruwa ya rufe wurin, bai share ba.

Ran Juma'a na kai wa Baba takardar.
Ya riƙe ta a juye, ban gyara masa ba.
Ya bi layin da babban yatsa,
yatsan da sanyi ya tsattsage shekara talatin.
Ya ce, wannan mai nauyi ce. Ta nan ta bi.
Daidai ya nuna.
Ya ce, wa ya ja ta?
Na ce, nauyinta.

Ya yi shiru har shayinsa ya huce.
Can ya ce, ni ma wani lokacin
ba na sanin wa ke jan wani.
Ya ninke tekun gida huɗu,
ya sa a aljihun gaba.