Karan Dawa a Kogin Galma

Watan takwas, bayan ruwan kwana uku,
Galma ya cika ya batse, ya koma launin kunun kanwa.
Na taho daga Samaru da littafi a cikin leda,
da lissafin gudun ruwa da na haddace don jarrabawa.
Baba Nomau ya dubi takalmina, ya ce, "Tuɓe."
Ya miƙo mini filafili mai ɗaurin roba a wuya.

Kwalekwalensa ya girme ni.
An toshe masa ɓula biyu da kwalta da tsumma,
akwai rabin galan a ciki na kwarfar ruwa.
"Wannan aikinka ne," in ji shi,
"kafin ka iya wani."

Gangare na farko tun daga nesa yake kururuwa,
kumfa fari fat, duwatsu sun yi cirko-cirko.
Na ƙanƙame baki, cikina ya ɗuri ruwa.
Shi kuwa goro yake ɓarewa.
"Mai Surutu ke nan. Bakinsa ya fi ƙarfinsa.
Duk dutsen da ya nuna maka kansa
ya gama yi maka mutunci."
Muka bi ta tsakiya, inda ruwan ya zaro harshe,
muka fita da jiƙaƙƙen wando kawai.

Na biyu ya sa ya tofar da goron.
"Dama! Dama, na ce, ɗan boko!"
Gindin jirgi ya gurji wani abu, ƙiiii,
haƙorana suka amsa.
Na kwarfe galan goma sha ɗaya, na ƙirga,
don ƙirgar ce kaɗai ta rage mini daga makaranta.

Sai kogin ya yi tsit.

Lumui, kamar an shafa masa man gyaɗa.
Na saki kafaɗa, har na fara fito.
Baba Nomau ya karkata kai kamar mai jiran kiran salla,
ya kama reshen da ya sunkuyo, ya tsai da mu.
Ya zaro karan dawa daga ƙarƙashin mazauninsa,
ya jefa.

Karan ya tafi a natse, kamar mai zuwa gaisuwa.
Ya kai wani layi da idona bai gani ba,
ya tsaya da ƙafa ɗaya,
ya nutse.
Na ƙirga har ashirin. Ya ɓullo,
ba a gaba ba, a wurin da ya shiga,
ya sake nutsewa.

"Ka gani? Wanda ke mayar da abin da ya haɗiya
don ya sake haɗiyewa.
Nawa littafinka ya ba shi?"
Na ce sai na auna faɗi, na auna zurfi.
Ya ce, "Sallau ya auna.
Ƙanena ne. Ya fi ni hannu nesa ba kusa ba.
Kwana biyu muna nema da taru."

Bai ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.

Muka ja jirgin zuwa gaɓa, muka kifa shi a ka,
shi a gaba, ni a baya, ba na ganin komai sai dugadugansa.
Laka har ƙwauri, kaifin ganyen rake yana yankar hannu.
Wasu yara masu wankin babur suka yi mana dariya:
"Ga jirgi ya hau mutane!"
Daga cikin duhun katako na ji muryarsa:
"Ku yi dariya. Shekara arba'in ina ɗaukarsa a nan,
shi ya sa kuke da wanda za ku yi wa."

Can ƙasa muka mayar da shi ruwa.
Ledar ta huje, tawada ta zama shuni a shafi bakwai.
Na waiwaya sau ɗaya.
Daga nan ma wurin bai yi kama da komai ba.
Karan bai biyo mu ba.