Jan da Na Cire

A Balparaiso tituna ba sa kwanciya,
tsaye suke, matakala bisa matakala,
kana hawa kana huci kamar mai biyan bashi.
Na zaɓi wata kusurwa a gangaren kasuwar kifi
inda rana ke faɗowa a karkace
ta raba bango biyu, rabi alli, rabi gawayi.
Nan na kafa ƙafa.
Wurin nake fara kamawa, mutum ya zo daga baya.

Kare ya wuce, na ƙyale shi.
Ɗan dako ya wuce da ƙanƙara a kafaɗa, ya cika sauri.
'Yan mata biyu suka hango kyamara, suka gyara fuska,
hoton ya mutu tun bai zo duniya ba.
Awa guda cur. Takalmina ya ƙoshi da ruwan kifi.

Sai ga Eulaliya tana saukowa,
sikeli a hammata, ƙyalle a wuya,
ƙafa ɗaya a haske, ɗaya a duhu,
baki buɗe, tana zagin wani da ban gani ba.
Yatsana ya riga tunanina.
Ƙas.

Da dare, a ɗakin hayata na saman gidan burodi,
na zaunar da ita a fuskar kwamfuta
na shiga zare launi kamar mai zare ƙaya.
Shuɗin ƙofa ya tafi, rawayar kwando ta bi shi,
tallan lemon da ke ihu a bayan kanta ya yi tsit.
Na ƙara wa inuwa nauyi,
kaɗan dai, kada ta haɗiye kunnenta.
Na rage farin bango har tsagar siminti ta yi magana.
Tamojin goshinta ban taɓa ba,
wanda ya rubuta su ya fi ni hannu.

A gefen dama akwai gwiwar hannun wani
da ya shigo hoton ba sallama.
Na datse ta. Na mayar. Na sake datsewa.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima:
ƙarfe biyun dare na mayar da ita,
don in babu gwiwar, zagin ba shi da masauki.

Ran Asabar na kai mata a takarda mai kauri.
Ta goge hannu a riga, ta riƙe shi nesa, ta matso da shi.
"Gwiwar Baldomero ce, ɓarawon ƙanƙara!"
Ta yi dariya har sikeli ya girgiza.
Sai dariyar ta maƙale.

"Ƙyallen nan ja ne," ta ce. "Jajawur.
Na Anselmo ne. Shi yake ɗaurawa in zai shiga teku
don in hango shi daga kan tudu.
Ranar da ya manta shi a jikin ƙusa..."
Ta kori ƙuda daga kan kifi.
"Kai kuma ka mai da shi toka."

Ina da amsoshi cike da aljihu,
na haske, na siffa, na yadda launi ke janye ido.
Ko ɗaya bai yarda ya fito ba.
Ta naɗe min kifi biyu a jarida, ta ƙi karɓar kuɗi.

Da mako ya zagayo na iske hoton
kafe a saman rumfarta, gefensa ya sha danshi.
An bi ƙyallen da jan farce,
hannun ya yi rawa, jan ya tsallake iyaka
ya ɗiga a bangon da na kwana ina gyarawa.

Na ɗaga kyamara.
Ba ta ko dube ni ba.
"In kifi za ka saya, saya," ta ce,
"kana tare min haske."