Kafin In Murza Makulli

Da asuba a Kurna, kafin mai shayi ya hura wuta,
nakan zagaya a-kori-kurata a hankali,
kamar mai gaida maƙwabta.
Taya huɗu, kowacce in ƙwanƙwasa in ji amsarta.
Ta baya ta hagu muryarta ta dushe jiya,
sai da muka je wurin Ilu mai faci.

In zaro sandar baƙin mai, in share da tsumma,
in mayar, in sake zarowa.
Lagireto kuwa sai ya huce ake buɗe masa baki,
tabon wuyan hannuna ne malamina.

Sallau maigidana, Allah ya jiƙansa,
shekara tara ina yaron motarsa.
Yakan ce, “Barau, birki ba ya rantsuwa,
taka shi tun a ƙofar gida ka ji gaskiyarsa.”

A Dawanau wani ya ce in ƙara buhu biyar,
“Ai nan da Singa ne.”
Na ce, Alhaji, mota ba ta musu,
sai a gangara take faɗin abin da ke ranta.
Ya ɓata rai. Na ɗaure goma sha biyu,
na ja igiya har ta yi ƙara, na rufa tamfol.

A Rijiyar Lemo, ana yayyafi,
wata yarinya ta faɗo titi tana bin akuyarta.
Na taka. Motar ta tsaya cak.
Tsakaninmu bai fi kamu ɗaya ba.
Ko waiwaye ba ta yi ba.

Na sauka gefe, na kashe inji,
na jira gwiwoyina su daina rawa.
Buhu biyar ɗin nan, Sallau,
har yau ina ƙirga su.